Daraja da Girman Kai a Wajen Jaruman Waƙoƙin Girkawan Dā: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da na ba wa wani labarin Iliyad a karon farko, kafin in kai tsakiya yake katse ni: "Tsaya tukuna, wai a kan mace ɗaya babban jarumi ya koma bukka ya zauna, ana karkashe 'yan'uwansa yana kallo?" Tambayar tana kan hanya. Sai dai amsarta ba ta fita a numfashi ɗaya, don sai an san abin da waɗannan mutane ke kira daraja, da yadda ake ba da ita, da yadda ake ƙwace ta. Ga tambayoyin da aka saba yi mini, da abin da nake amsawa.

Waɗanne waƙoƙi ne ake magana a kansu?

Manyan su biyu ne, Iliyad da Odisi, kuma ana jingina su ga wani mawaƙi mai suna Homa. Galibin masana suna ganin an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Iliyad tana da layi sama da 15,600, Odisi kuma kimanin 12,000, kowace an kasa ta babi 24. Asalinsu waƙoƙin baka ne da ake rerawa a gaban jama'a.

Iliyad ba ta ɗauko yaƙin birnin Turoy daga farko ba. Kwana 50 da 'yan kai ta bi a cikin shekara ta 10 ta yaƙin. Dokin katakon nan da kowa ya sani ba ya cikinta, mutuwar Akilis, babban jarumin Girkawa, ma ba ta ciki. Kalmar da ta buɗe waƙar ita ce "fushi", kuma fushin mutum ɗaya aka bi har ƙarshe.

An yi wannan yaƙi da gaske?

Birnin dai yana nan. Tun a shekarun 1870 wani Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya haƙa tudun Hisarlik a yammacin Turkiyya ta yau, aka tarar da garuruwa kan garuruwa, ɗaya daga cikinsu kuma ya rushe da alamun wuta wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma Akilis da Hekta, ɗan sarkin Turoy kuma babban jaruminta, mutanen waƙa ne, kamar yadda allolin da ke shiga faɗan abubuwan bautar Girkawa ne na wancan zamani. Abin da waƙar ta adana mana na gaske shi ne tunanin mutanen da suka zauna suna sauraronta.

Me ya haɗa Akilis da Agamemnon?

Agamemnon, sarkin Maisini, shi ne shugaban rundunar Girkawa. A rabon ganima an ba shi wata yarinya, Kirisayis, 'yar mai hidimar gunkin Afolo. Uban ya zo da fansa yana roƙo, rundunar duka ta ce a karɓa a sallame shi da mutunci, Agamemnon ya fatattake shi da baƙar magana. Sai annoba ta faɗa wa sansanin kwana 9. A rana ta 10 Akilis ya tara jama'a, ɗan dubansu ya ce babu sauƙi sai an mayar da yarinyar.

Agamemnon ya yarda, amma da sharaɗi: a ba shi wata, don ba zai zama shi kaɗai ne babu rabo a hannu ba. Akilis ya ce an riga an raba komai, ya yi haƙuri in an ci Turoy a ninka masa uku ko huɗu. Daga nan magana ta lalace. Agamemnon ya ce to Birisayis, wadda aka ba Akilis, ita zai ɗauka, don Akilis ya san wane ne babba. Akilis ya kai hannu ga takobi, har ya fara zaro shi, waƙar ta ce allahiya Atina ta riƙe shi ta gashin kai. Sai ya mayar da takobin kube ya zazzaga masa zagi, ya kira shi mashayi mai idon kare da zuciyar barewa, ya buga sandar girma da ƙasa, ya rantse ba zai sake fita fage ba. Tsoho Nesto ya shiga tsakani, babu wanda ya saurare shi.

To duk wannan a kan kuyanga ɗaya?

A nan ne yawancin masu karatu ke ɓata hanya. Girkawa suna da kalma, *timē*, wadda ke nufin daraja, kuma ita ce dai ke nufin farashi. Darajar mutum a wajensu abu ce da ake gani da ido, ake ƙirgawa: wurin zamanka a taro, tsokar da aka yanka maka, rabon da aka ware maka bayan an ci gari. Wannan keɓantaccen rabo sunansa *geras*, kuma rundunar ce ke bayar da shi a bainar jama'a, shaidar cewa ta ga aikinka. Birisayis ita ce *geras* ɗin Akilis. Ɗauke ta a gaban kowa daidai yake da a tuɓe wa mutum rawani a filin idi.

Kuma ka duba abin da ya kawo Akilis Turoy. Da bakinsa ya ce mutanen Turoy ba su taɓa kore masa saniya ko doki ba. Ya zo ne da jiragen ruwa 50 don a ƙwato wa Menelawus, ɗan'uwan Agamemnon, matarsa Helen da aka kai Turoy, wato don mutuncin gidan su Agamemnon. Ya ce garuruwa 12 ya ci ta ruwa, 11 ta tudu, kullum ya kwaso dukiya ya kawo, wanda ke zaune a baya ya riƙe mai yawa ya raba kaɗan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya kwatanta kansa da uwar tsuntsu mai kawo wa 'ya'yanta abinci ita tana kwana da yunwa. Ya kuma yi wata tambaya da ba a iya amsa masa ba: in a kan matar da aka ɗauke aka taso wannan runduna, shin 'ya'yan Atiriyus, wato Agamemnon da Menelawus, ne kaɗai ke son matansu?

Wanda ya karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya a zaure ba zai yi mamaki ba. Yaƙin Basus, da ake cewa ya ci shekara 40, a kan taguwa ya tashi, kuma kowa ya san taguwar ba ita ce zancen ba.

Me ya sa ake fifita jarumai tun farko?

Sarfedon, sarkin Likiya da ya zo taimakon Turoy, shi ya fi kowa bayyana wannan. Suna gab da afka wa ganuwar Girkawa ya juya ga ɗan'uwansa Gilaukus yana tambayarsa: me ya sa a gida ake ba mu mazaunin gaba, da nama mai kyau, da cikakkun kofuna, da gonaki a bakin kogi? Don haka ne ya zama dole mu tsaya a sahun farko, har talaka ya dube mu ya ce sarakunanmu ba banza suke cin kitse ba. Sannan ya ƙara da abin da ke taɓa ni duk sanda na zo wurin: da a ce tsira daga wannan yaƙi zai sa mu dawwama ba tsufa ba mutuwa, da ni ma ban shiga ba, ban kuma tura ka ba. Amma tunda mutuwa na tsaye a kanmu ta hanyoyi dubu, mu je.

Ciniki ne ke nan tsakanin jarumi da jama'a: su ba shi girma, shi ya ba da jininsa. Agamemnon wannan cinikin ya karya.

Mene ne *kleos* da ake yawan ambata?

*Timē* ta mai rai ce. *Kleos* kuwa suna ne da ke tashi a bakin mutane, abin da za a ji game da kai bayan ƙasa ta rufe ido. Girkawan Homa ba su sa rai da wani jin daɗi a lahira, a ganinsu matattu inuwoyi ne marasa ƙarfi, saboda haka waƙa ce kawai ke raya mutum. Akilis ya ce mahaifiyarsa Tetis ta faɗa masa yana da hanya biyu: ya tsaya a Turoy ya mutu da ƙuruciya sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya tsufa a manta da shi.

Shi ya sa kowane jarumi ke yawo da laƙabinsa a cikin waƙar, kamar yadda kirari ke bin mai shi: Akilis mai saurin ƙafa, Hekta mai walƙiyar kwalkwali, Odisiyus mai dabaru da yawa. Kafin a gwabza kuma sai an tsaya an faɗi asali. Diyomidis na ɓangaren Girkawa da Gilaukus sun haɗu a tsakiyar fage, aka soma jero kakanni, sai suka gano kakan ɗaya ya taɓa saukar da kakan ɗaya kwana 20 a gidansa. Nan take suka ajiye faɗa, suka yi musabaha, suka yi musayar sulke, Gilaukus ya ba da na zinariya mai kimar shanu 100 ya karɓi na tagulla mai kimar shanu 9.

An ce Agamemnon ya nemi sulhu. Me ya hana Akilis karɓa?

Ya nema, bayan Hekta ya tura Girkawa har bakin jiragensu. Ya aika mutum 3 da dare: Odisiyus, da Ajas, da tsoho Finikis wanda ya yi renon Akilis. Sun tarar da shi yana kaɗa molo yana rera waƙar mazan jiya, amininsa Fatrokulus na zaune gabansa shiru. Ya tarbe su hannu biyu, aka gasa nama, aka ci, sannan aka buɗe zance.

Kayan ba ƙanana ba ne: tukwanen tagulla masu ƙafa uku guda 7 da ba su taɓa hawa wuta ba, talanti 10 na zinariya (talanti ma'aunin nauyi ne), manyan tukwane 20, dawakin sukuwa 12, mata 7, da Birisayis kanta tare da rantsuwar cewa bai kusance ta ba. In an koma gida kuma ya zaɓi ɗaya cikin 'ya'yansa mata 3, a haɗa masa da garuruwa 7. Amma Agamemnon bai taka da ƙafarsa ba, kalmar ban haƙuri ba ta cikin saƙon, kuma ya rufe da cewa Akilis ya rusuna masa tunda ya fi shi sarauta ya girme shi. Odisiyus ya haɗiye wannan jimlar bai isar ba. Akilis dai ya shinshino ta, don ya buɗe amsarsa da cewa ya ƙi jinin mai faɗin abu ɗaya yana ɓoye wani a ciki.

Sai ya faɗi abin da babu jarumin da ya taɓa faɗa. Ya ce rabon wanda ya zauna da na wanda ya yi yaƙi ɗaya ne, rago da jarumi rami ɗaya ke jiransu. Shanu da tumaki ana iya kwasowa a hari, dawaki ana iya saye, amma rai in ya fita bakin mutum babu harin da ke dawo da shi. Mutumin da ya yi zuciya don an taɓa rabonsa, ga shi yanzu yana tambaya ko akwai rabon da ya kai rai.

Wa ke da gaskiya a tsakaninsu?

A ranar taron farko, Akilis. An ci fuskarsa ba gaira ba dalili, kuma Agamemnon da kansa ya amsa daga baya cewa ruɗewa ce ta kama shi, ko da yake ya ɗora wa Zeyus, shugaban allolinsu, laifin.

Daga daren manzannin kuwa ba na iya kare shi. Finikis ya roƙe shi da hawaye, yana tuna masa yadda yake ɗora shi a cinya yana yanka masa nama, yaron yana furzar masa da abin sha a riga. Ajas, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce mutum yakan karɓi diyyar ɗan'uwansa ko ɗansa da aka kashe ya danne zuciyarsa, kai kuma a kan yarinya ɗaya ka ƙeƙashe, ga abokanka a ƙarƙashin rufinka. Akilis ya amsa cewa maganar ta shige shi, amma da ya tuna wulaƙancin sai zuciyarsa ta kumbura. Ya san daidai, ya kasa yi. Waɗanda suka biya kuwa sojoji ne da ba su ɗauke masa komai ba.

Ƙarshenta Fatrokulus ya kasa jure kallo, ya ari sulken Akilis ya fita, Hekta ya kashe shi. Akilis ya ɗebi toka ya zuba a ka, ya kwanta cikin ƙura, ya kira kansa kayan banza a doron ƙasa. Ya ce fushi ya fi zuma zaƙi lokacin da yake gangarawa, sannan ya cika ƙirji kamar hayaƙi.

Hekta fa? Shi ma girman kai ne ya kai shi?

Hekta ba mai zafin kai ba ne. Abin da ke jansa *aidos* ne, wato kunya, jin nauyin idon jama'a. A ƙofar gari matarsa Andaromaki ta tare shi, mai reno na biye da jaririnsu. Akilis ya riga ya kashe mata uba da 'yan'uwa maza 7, ta ce masa kai ne uwata, kai ne ubana, kai ne mijina, ka tsaya a kan ganuwa. Ya ce duk abin da ta faɗa yana damunsa, ya ma san ranar faɗuwar Turoy na zuwa, amma yana jin kunyar maza da matan garin in aka gan shi yana laɓewa. Ya miƙa hannu zai ɗauki yaron, yaron ya tsala ihu don tsoron tukkun gashin doki da ke kaɗawa a kan kwalkwali. Uwa da uba suka yi dariya, ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa, ya sumbaci ɗansa, ya yi addu'ar wata rana a ce wannan ya fi ubansa.

Amma shi ma ya yi nasa kuskuren. Da Akilis ya dawo fage, abokin Hekta, Folidamas, ya ba da shawarar a koma cikin gari a rufe ƙofa. Hekta, nasara na ɗibarsa, ya ƙi. Washegari aka yi wa mutanensa kisan kiyashi. Da saura suka shige, shi ya tsaya a waje, ubansa na roƙonsa daga kan ganuwa, uwarsa ta buɗe ƙirji tana tuna masa nonon da ya sha. Abin da ya hana shi shiga tsoron kada wani ƙasƙantacce ya ce Hekta ya dogara da ƙarfinsa ya hallaka jama'a. Da Akilis ya matso, zuciya ta karye masa ya ruga, suka zagaya garin sau 3, kafin ya tsaya ya ce to bari ya mutu yana aikata abin da na baya za su ji. Wannan gudun shi ya sa nake ƙaunar Hekta. Mawaƙin bai ɓoye tsoronsa ba, bai kuma rage masa girma saboda shi ba.

Talakan soja da mata suna da rabo a wannan daraja?

Kaɗan ƙwarai. Wani soja, Tasitis, ya tashi a taro ya faɗa wa Agamemnon kusan abin da Akilis ya faɗa. Odisiyus ya shimfiɗa masa sandar girma a gadon baya har wurin ya tashi, ya zauna yana share hawaye, jama'a na dariya. Magana ɗaya ce, bakin da ya faɗe ta ne ya bambanta.

Mata kuwa su ake rabawa. A wasannin makokin Fatrokulus, ladan wanda ya yi kaye a kokawa tukunya ce mai kimar shanu 12, wanda aka kayar kuma a ba shi mace mai sana'ar hannu, kimarta shanu 4. Birisayis, wadda aka yi duk rigimar a kanta, sau ɗaya ta yi magana, a kan gawar Fatrokulus. A nan muka ji cewa a gabanta aka kashe mijinta da 'yan'uwanta 3.

Shin *hubris* ita ce girman kai?

Ta fi kusa da cin mutunci da gangan, mutum ya wulaƙanta wani don ya nuna ya fi shi. Da wannan kalma Akilis ya kira abin da Agamemnon ya yi masa. Taƙama da yabon kai ba laifi ba ne a wajensu, muddin aikinka ya kai bakinka.

Me ya sa Akilis ya wulaƙanta gawar Hekta, kuma yaya aka ƙare?

Jana'iza ita ce rabon ƙarshe na mamaci, hana shi ita kuwa ƙwace masa daraja ne har bayan rai. Hekta ya nemi su yi alkawarin wanda ya yi nasara zai mayar da gawa, Akilis ya ce babu alkawari tsakanin zaki da mutum. Ya huda agarar ƙafafunsa, ya zura igiyar fata, ya ɗaure a keken doki ya ja. Kwana 12 gawar na hannunsa, yana zagaya kabarin amininsa da ita, zuciyarsa ba ta huce ba. Har Afolo ya ce mutumin nan ya rasa tausayi ya rasa kunya.

Sai tsoho Firiyam, sarkin Turoy, ya ɗora fansa a keken alfadarai ya ratsa sansanin abokan gaba da dare. Ya shiga, ya durƙusa, ya kama gwiwoyin Akilis, ya sumbaci hannayen da suka kashe masa 'ya'ya, ya ce masa ka tuna da mahaifinka. Su biyun suka fashe da kuka, ɗaya na kukan ɗansa, ɗaya na kukan ubansa da amininsa. Akilis ya kama hannunsa ya tashe shi. Fushin bai mutu ba, don da tsohon ya matsa sai da ya gargaɗe shi kada ya tunzura shi. Amma ya sa aka wanke gawar inda uban ba zai gani ba, ya ɗauke ta da hannunsa ya ɗora a makara, ya yanka tunkiya suka ci tare. Ya tambayi tsohon kwana nawa yake bukata, aka tsayar da yaƙi kwana 11. Firiyam ya ajiye girman sarauta a ƙasa, ban kuwa ga wanda ya kai shi girma a waƙar ba. Da jana'izar Hekta Iliyad ta rufe.

Odisiyus ya bambanta da su?

Ya bambanta, amma sai da ya sha wuya. Ya tsira daga kogon dodo mai ido ɗaya, Folifimus, ta hanyar cewa sunansa "Ba Kowa". Da jirgi ya yi nisa, son a san shi ya ci ƙarfinsa, mutanensa na roƙonsa ya yi shiru, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu Itaka. Da wannan suna dodon ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, mai mulkin teku. Cikin jirage 12 babu wanda ya isa gida, shi kaɗai ya tsira. Bayan shekara 20 ya shiga gidansa da tsummokaran almajiri, wani cikin masu neman matarsa ya jefe shi da kujera a kafaɗa, ya tsaya kamar dutse yana girgiza kai, bai rama ba har ranar da ya ɗauki bakansa.

Akilis ya yi nadamar zaɓinsa?

A cikin Odisi, Odisiyus ya je bakin ƙasar matattu ya gana da su. Ajas, wanda ya kashe kansa saboda an ba Odisiyus makaman Akilis an hana shi, ya tsaya can gefe. Odisiyus ya yi masa magana mai taushi, ya juya baya ya tafi bai amsa ba.

Akilis kuwa ya zo. Odisiyus ya ce masa babu wanda ya kai ka sa'a, da ranka an girmama ka, a nan ma kai ke mulki. Akilis ya ce kada ya lallashe shi a kan mutuwa, gara masa ya zama ɗan ƙodago a gonar matalauci yana numfashi da ya zama sarkin matattu duka. Bai tsaya a nan ba, ya tambayi labarin tsohon ubansa, ko ana girmama shi ko an raina shi don tsufa, ya kuma tambayi ɗansa Niyoftolemus, ko yana fita sahun gaba. Odisiyus ya ce yaron ba ya laɓewa cikin taro, a cikin dokin katako ma, lokacin da manya ke share hawaye gwiwoyinsu na rawa, shi hannunsa na kan takobi yana roƙon a buɗe a fita. Da jin haka inuwar Akilis ta juya ta ratsa fadamar matattu da dogon taku, tana murna an ce ɗansa ya yi suna.